Yadda ake rubuta "ya ƙaru" a labari ba tare da an ruɗa mai karatu ba

Ka buɗe duk shafin labaran da ka ga dama yanzun nan, da wuya ka wuce kanu biyar ba ka ci karo da "ya ƙaru" ko "an ƙara" ko "an samu ƙaruwar" kaza ba. Kalma ce ta yau da kullum, yaro ma ya san ta, kuma saboda sauƙin nan nata ne ake jefa ta a labari ba a tsaya an yi tunani ba. Ni dai a ganina "ya ƙaru" ita kaɗai rabin labari ce. Sai ka faɗi me ya ƙaru, daga nawa zuwa nawa, cikin wane lokaci, wa ya ƙara shi, wa ya ƙirga, sannan labarin ya cika. Wannan jagorar ta masu rubuta labari ce da masu fassara shi da masu kula da shafukan labarai a Facebook da WhatsApp, amma ko karatu kawai kake yi za ta yi maka amfani.

Mataki na farko: gyara kibod ɗinka

Wannan ba sai mun daɗe a kai ba amma dole a faɗe shi. Ƙaruwa da ƙ mai lanƙwasa daban, in ka cire lanƙwasar ka rubuta da k zalla to wata kalma ce can daban wadda kowa ya san ma'anarta, kuma ba ta da daɗin gani a kanun labari, balle labarin da ya shafi mata ko ɗalibai. Haka "ƙara" da "kara", ƙungiya za ta kara da wata a wasa, wannan k ce zalla. Kibod ɗin Gboard yana da Hausa, ka shiga saitin harshe ka ƙara ta, shikenan. In kuma inda kake rubutun ba ya karɓar haruffan nan, to ka sake gina jimlar, ka ce "adadin ya haura" ko "an samu ƙari", ka kauce wa waccan gaba ɗaya.

Mataki na biyu: ƙaru ne ko ƙara?

Nan ne da yawa ba sa lura. In ka ce abu ya ƙaru, ka nuna kamar da kansa ya yi, babu hannun kowa. In ka ce wane ya ƙara abu, ka kama sunan mai aikin. To kafin ka zaɓa ka tambayi kanka, akwai wanda ya zauna ya yanke shawarar nan ko babu? Yawan jama'a ƙaruwa yake yi, zafin duniya ƙaruwa yake yi, babu ofishi guda da ya sa hannu a takarda. Amma haraji ba ya ƙaruwa da kansa, kuɗin makaranta ba ya ƙaruwa da kansa, kuɗin ruwa na babban banki ma haka, wani ne yake ƙarawa. Babban bankin Amurka ya ƙara kuɗin ruwa sau 11 tsakanin Maris 2022 da Yulin 2023, daga kusan sifiri har ya kai tsakanin kashi 5.25 da 5.50, kuma kowane ƙari zama aka yi aka kaɗa ƙuri'a aka fitar da sanarwa. In ka rubuta "kuɗin ruwa ya ƙaru a Amurka" ba ka yi ƙarya ba, amma ka ɓoye wanda ya kamata a tambaya dalili. "An ƙara" ma ɓuya ce, wa ya ƙara? In ka san shi ka faɗe shi, aikinka ke nan.

Sai kuma wani tarko da ƙara take da shi, tana nufin "sake". "An ƙara kama mutum 10" yana iya nufin an sake yin kame kuma wannan karon mutum 10 ne, yana iya nufin waɗancan goman da aka taɓa kamawa ne aka sake kama su. Ka rubuta "an kama ƙarin mutum 10, jimilla sun zama 35" kowa ya huta.

Mataki na uku: "da" ko "zuwa"

Ƙananan kalmomi biyu ne amma suna juya labari gaba ɗaya. "Ya ƙaru da 500" na nufin 500 aka ɗora a kan abin da ake da shi. "Ya ƙaru zuwa 500" na nufin yanzu jimillar 500 ce. Masu fassara cikin sauri suna yawan musanya su, kuma an fi ganin ɓarnar a labarin bala'i. Ka tuna girgizar ƙasar Turkiyya da Siriya ta 6 ga Fabrairun 2023, kusan kowace awa adadi canzawa yake yi har ya wuce mutum 50,000. A irin wannan labarin "adadin waɗanda suka mutu ya ƙaru zuwa kaza" shi ne daidai, kuma yana da kyau ka ƙara wa mai karatu bayanin cewa yawancin ƙarin gawarwaki ne da masu aikin ceto suke zaƙulowa daga ɓaraguzai, don kada wanda yake da ɗan'uwa a can ya ɗauka wata sabuwar girgizar aka yi. Hanya mafi tsafta kullum ita ce ka kawo duka biyun, daga kaza zuwa kaza. In ka yi haka ko ka yi kuskure a lissafin kaso mai karatu zai iya gyarawa da kansa.

Wani abu kuma, jimillar da ake tarawa tun farko ba ta taɓa raguwa, kullum sama take yi. Don haka "yawan waɗanda suka taɓa kamuwa da cutar ya ƙaru" ba labari ba ne, ko mutum ɗaya aka samu zai ƙaru. Labarin shi ne sababbin da aka samu wannan makon sun fi na makon jiya ko ba su kai ba.

Mataki na huɗu: yi lissafin da hannunka

Kar ka yarda da kason da ka gani a sanarwa har sai ka danna kalkuleta. Lissafin ba wuya: sabon adadi ka debe tsohon, abin da ya rage ka raba da tsohon, ka ninka da 100. Misali daga 80 zuwa 100, bambancin 20 ne, 20 a raba da 80 ya ba ka 0.25, wato ƙarin kashi 25 cikin 100. Da tsohon adadi ake rabawa fa, nan ne mutane suke zamewa. Kuma ka lura in abin ya dawo daga 100 zuwa 80 raguwar kashi 20 ce ba 25 ba, don yanzu 100 ce tushen. Shi ya sa abin da ya faɗi da kashi 50 yana buƙatar ƙarin kashi 100 kafin ya koma inda yake.

Sai maganar ninki, wadda wallahi tana ba da wahala ko ga tsofaffin hannu. Ƙarin kashi 100 shi ne ninki biyu, abin da yake 10 ya zama 20. Ƙarin kashi 200 ninki uku ne, 10 ya zama 30, amma sau da yawa za ka ga an rubuta "ya ninka sau biyu" don an ga lamba 200. Ita kanta "ya ninka sau biyu" ɗin ba ta fita sosai, wani zai fahimci 10 ya zama 20, wani zai ce ai an ninka an sake ninkawa don haka 40 ne. Ni shawarata in abu ya wuce ƙarin kashi 100 ka bar maganar kaso, ka ce "ya zama ninki uku na abin da yake a da, daga 10 zuwa 30".

Yanzu ga wanda ya fi kowanne kama mutane: idan abin da ya ƙaru shi kansa kaso ne. Rashin aikin yi a Amurka ya tashi daga kashi 4.4 a Maris 2020 zuwa kashi 14.7 a Afrilu, kamar yadda aka sanar a lokacin. In ka ce "ya ƙaru da kashi 10.3 cikin 100" ka rage wa labarin nauyi ƙwarai, don mai karatu zai ɗauka ɗan ƙari ne, kamar mutum 100 sun zama 110, alhali abin ya fi ninki uku cikin wata ɗaya. Wannan 10.3 ɗin tazarar maki ce tsakanin kason biyu. To ko ka ce "da maki 10.3" ko kuma, wanda na fi so, ka rubuta daga kashi 4.4 zuwa kashi 14.7 ka bar lambobin su yi magana.

Mataki na biyar: idan an gwada da yaushe, kuma cikin mutum nawa?

Babu ƙaruwa sai da abin da aka gwada da shi. Da watan jiya ne, da irin wannan watan na bara ne, ko da shekara goma baya? Mai sanarwa yakan zaɓi lokacin da zai fi yi wa maganarsa kyau, kai kuma aikinka ka duba ko lokacin nan na al'ada ne. Shekarar 2020 babban misali ce. A ranar 20 ga Afrilun 2020 farashin gangar ɗanyen man Amurka ya faɗi ƙasa da sifiri, duniya na kulle saboda korona, jirage a ajiye. Duk abin da ka auna a 2021 ka gwada shi da waɗannan watannin zai fito da ƙaruwa mai ban tsoro, alhali galibi farfaɗowa ce kawai. A irin haka ka koma 2019 ka gwada, sai ka ga gaskiyar inda ake.

A shekarar 2020 ɗin dai aka sanar cewa tattalin arzikin Amurka ya bunƙasa da kashi 33.1 a rubu'i na uku, wato watannin Yuli zuwa Satumba, kanun labarai suka ɗauka ko'ina. Abubuwa biyu ne da yawa ba su faɗa ba. Na ɗaya Amurka tana ba da wannan alƙalamin ne a lissafin shekara, wato da a ce za a ci gaba da wannan saurin har wata 12, ainihin ƙarin wata ukun kashi 7.4 ne. Na biyu kafin nan tattalin arzikin ya faɗi da kusan kashi 9 a rubu'i na biyu. Ɗauki 100 ka cire kashi 9 ya zama 91, ɗora kashi 7.4 a kai ka samu wajen 97.7, ka ga ko inda aka faro ba a koma ba.

Sannan cikin mutum nawa. Wannan ya fi muhimmanci a labarin lafiya, don a nan kalma ɗaya tana iya sa mutum ya ajiye maganinsa. A Oktoban 1995 kwamitin kula da lafiyar magunguna na Birtaniya ya yi gargaɗin cewa wasu sababbin ƙwayoyin tsarin iyali suna ninka haɗarin daskarewar jini a jijiya. Jaridu suka buga ninki biyu, ƙarin kashi 100, mata da yawa suka tsorata suka daina sha. Amma ainihin lambar ita ce daga kusan mace 1 cikin 7,000 zuwa 2 cikin 7,000. Daga baya masu bincike sun ƙiyasta an samu ƙarin zubar da ciki kusan 13,000 a Ingila da Wales a shekarar da ta biyo baya. Maganar ninki biyun gaskiya ce, ba a ƙirƙire ta ba, amma da an sa 1 cikin 7,000 ɗin a gefenta da mutane sun auna da hankalinsu. Duk lokacin da ka ga "haɗarin ya ƙaru da kashi kaza" ka nemo asalin haɗarin, in babu shi a sanarwar ka kira ka tambaya.

Haka nan ƙaramin adadi yana ba da kaso mai girma. Daga mutum 2 zuwa 4 ƙarin kashi 100 ne. In lambobin ƙanana ne ka rubuta su yadda suke.

Mataki na shida: abin ne ya ƙaru ko ƙirgar ce ta canza?

A tsakiyar Fabrairun 2020 lardin Hubei na China ya ba da rahoton sababbin masu korona kusan 15,000 a rana ɗaya, ninkin-ba-ninkin abin da aka saba gani. Dalili shi ne an canza ƙa'idar ƙirga, aka fara haɗawa da waɗanda likita ya tabbatar ta hanyar alamomi da hoton huhu ko da gwajin ɗakin bincike bai fito ba. Marasa lafiyan suna nan tun da, lissafi ne bai ɗauke su ba. Irin wannan ne ya faru a Afrilun 2014 da Najeriya ta sake lissafin girman tattalin arzikinta, aka sauya shekarar da ake aunawa da ita daga 1990 zuwa 2010, aka shigar da ɓangarori irin su sadarwa da fina-finai yadda ya kamata, adadin ya koma kusan dala biliyan 510 ta wuce Afirka ta Kudu. Babu abin da ya ƙaru a aljihun kowa a wannan daren. To in hukuma ta ce laifuka sun ƙaru ko masu wata cuta sun ƙaru, ka tambaya ko an ƙara yawan gwaji, ko an buɗe sabuwar hanyar kai rahoto, ko an canza ma'anar abin da ake ƙirgawa. In haka ne ka rubuta "adadin da aka gano ya ƙaru" ko "rahotannin da aka kai sun ƙaru", kuma ka faɗi sunan wanda ya yi ƙirgar a jimlar farko ko ta biyu.

Mataki na bakwai: raguwar sauri ba raguwa ba ce

Wannan yana ci mini tuwo a ƙwarya, don talaka ne yake karantawa ya ga kamar ana masa ƙarya. Hauhawar farashi a Birtaniya ta kai kashi 11.1 a Oktoban 2022, zuwa Mayun 2024 ta sauko kashi 2. Wanda bai kula ba sai ya rubuta "farashin kaya ya sauka". Bai sauka ba, yana nan yana ƙaruwa, saurin ƙaruwar ne ya ragu, kamar mai hawa tsani da ya rage sauri amma ko taki ɗaya bai yi ƙasa ba. Don haka in alƙalamin hauhawa ya ragu ka rubuta "farashi na ci gaba da tashi amma ba da saurin da ba". Sai lambar ta koma ƙasa da sifiri ne za ka ce farashi ya sauka.

Yawan mutanen duniya ma haka yake. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce an kai biliyan 7 a 2011, an kai biliyan 8 a ranar 15 ga Nuwamban 2022, amma saurin ƙaruwar da ya kai wajen kashi 2 a shekara a shekarun 1960 yanzu ya sauko ƙasa da kashi 1. Mutane na ƙaruwa, saurin na raguwa, duka biyun gaskiya ne kuma jimla ɗaya ta isa ta ɗauke su.

A nan ne kuma maganar ƙarin albashi take shigowa. In an ƙara kashi 10 a shekarar da farashi ya tashi da kashi 20, lambar da ke takardar albashi ta ƙaru amma abin da za ta iya saya ya ragu da kusan kashi 8. Labarin ƙarin albashi ko ƙarin kasafin kuɗi da bai ambaci hauhawar farashi ba bai gama ba.

Mataki na takwas: zaɓi kalmar da nauyinta ya dace

Sai ka gama duk waɗancan sannan ka zo nan. Ƙaru ita ce mafi tsaka-tsaki, shi ya sa ta fi dacewa da labari zalla. Amma ka lura sunan nan ƙaruwa yana da ɗanɗanon alheri a kunnen Bahaushe, in aka ce wane ya samu ƙaruwa haihuwa aka yi masa, in ka ce na ƙaru da kai ilimi ka samu. Shi ya sa "an samu ƙaruwar mace-mace" take yi min nauyi a kunne, gara "yawan mace-mace ya ƙaru" ko "mace-mace sun yawaita".

Tashi ta fi zama da farashi da daraja da zafi. Hauhawa tana nuna abu na ta hawa ba tsayawa, don haka ƙari guda da aka yi rana ɗaya bai zama hauhawa ba. Haura da zarce da wuce sai akwai wata iyaka da aka tsallake, kuma dole ka faɗi iyakar. Bunƙasa da haɓaka yabo ne a cikinsu, in ka sa su ka riga ka ce abin alheri ne. Ta'azzara da ƙamari da tsananta kuma hukunci ne cewa abin ya yi muni, suna da wurinsu a labarin yunwa ko rikici, amma in wani ne ya faɗa to ka jingina masa, kar ka mayar da ita bakinka.

Tashin gwauron zabi kuwa an yi mata amfani har ta fara sanyi, ƙarin kashi 3 ma sai ka ga an liƙa mata. Ka adana ta don abin da ya cancanta, tashi na farat ɗaya mai nisa. A Yulin 2008 alƙaluman gwamnatin Zimbabwe sun nuna hauhawar farashi ta kai kashi miliyan 231, in ka ƙarar da manyan kalmominka a kan ƙananan abubuwa me za ka rubuta ranar da irin wannan ta zo?

Kafin ka danna tura

Ka ɗauki jimlar ka gwada ta. A ce ka fara da "An samu ƙaruwar masu zazzaɓi da kashi 50", lambobin misali ne kawai. Bayan ka bi matakan nan za ta koma kamar haka: "Ma'aikatar lafiya ta ce mutum 300 aka tabbatar suna da zazzaɓin a watan Yuni, idan aka kwatanta da 200 da aka samu a Yunin bara, sai dai ta ce ta ninka wuraren gwaji a tsakanin." Ta fi tsawo kam, kuma kanu ba zai ɗauke ta duka ba, to a kanun ka sa lambobin biyu, "daga 200 zuwa 300", sauran bayanin ya shiga sakin layi na farko, kar ka kai shi can ƙasa don yawancin masu karatu a waya ba sa gangarawa. In kuma akwai edita ko abokin aiki kusa, ka karanta masa jimlar da baki ka tambaye shi nawa ne a da, nawa ne yanzu, in ya yi jim bai amsa ba ka koma ka gyara.